Inda Karya Ta Kwanta

Shekara talatin ina noman wannan fage,
daga gindin aduwa zuwa gaɓar Rima,
ban taɓa tambaya tasa ba:
me kake ɓoyewa?
Gero nake so, gero yake ba ni.

Sai ranar Talata, bayan an sha kaka,
mota ta tsaya a bakin kufai.
Dakta Inno ta sauko da takalmin roba,
yaranta da igiyoyi, da turaku, da littafi,
bayansu wata karya, ja, mai farin goshi,
ta diro tana atishawa.
Sunka ce sunanta Ƙyale-su.

Liman Nomau ya gyara rawani ya ce,
"Kare a kan makwancin bayin Allah?"
Dakta ta ce, "Malam, ba ta tono.
Shaƙa kawai take yi, ta kwanta."
Liman bai amsa ba. Bai kuma tafi ba.

Munka soka sanduna a ƙasa, rami-rami,
don ƙasa ta yi numfashi.
Karya ta bi layi, hanci a turɓaya,
ta wuce ramin gafiya ba ta waiwaya ba,
ta wuce ƙashin jakin Arzika na bara,
ta wuce inda yara sunka gasa fara.
Ni ina dariya a cikin hannun riga.

Can kusa da tsohuwar suri
ta tsaya cak.
Wutsiya ta daina kaɗawa.
Ta zagaya sau biyu, ta kai ƙirji ƙasa,
ta dubi Dakta kamar mai jiran a ce madalla.

Dariya ta maƙale mini.
Wurin nan na san shi.
Nan ne geron ke fin kaina tsawo kowace damina,
nan zangarniya ke kai kamu biyu,
nan nake zaɓar iri.
Na sha faɗa wa mutane albarkar taki ce.

Kwana tara suna shara da ɗan buroshi,
kamar mai share idon jariri.
Ni da na saba da galma
na zauna na koyi haƙuri.
Da fari baƙin kasko ya fito,
sai tsakiya shuɗiya guda bakwai,
sai zoben tagulla ya yi kore,
sai yatsan da ke cikinsa.

Mace ce, in ji Dakta, ta haihu,
ta yi niƙa har gwiwa ta cinye.
Ba wanda ya san sunanta.
Ba wanda ya san wa ta kira da dare.
Liman ya leƙa, ya daɗe yana duban
inda fuskarta ta juya,
ya auna da inuwar sandarsa,
sai ya ce, "Allah ya san nasa,"
ya tofa abin da ya tofa a hankali.

Da yamma na ba Ƙyale-su ruwa a ƙwaryata,
ban yi shawara da kowa ba.
Ta sha, ta lashe baki, ta yi hamma.
Ita ba ta san ta tada ƙarni ba,
ƙwallon roba take jira a jefa mata.

Na wanke ƙwarya sau bakwai
kamar yadda anka koya muna,
ɗaya da ƙasa.
Da na damƙo ƙasar sai hannuna ya tsaya:
wa na damƙo?

Yara na cewa, karya ba ta ƙarya.
Ni dai tuwon daren nan ya yi mini nauyi.
Shekara talatin tana ciyar da gidana,
ban taɓa yi mata sallama ba.

Sun tafi da zane da hotuna,
sun mayar da ƙasa yadda take.
Na kewaye wurin da ƙayar bagaruwa.
Irin bana yana rumbu.
Har yanzu ban yanke ba
ko in shuka shi.